Oba-oban Teku: Abin Da Mai Kamun Kifi A Kayak Ke Dubawa Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

A gaɓar tekun Florida ta Amurka, ko Durban a Afirka ta Kudu, ko Queensland a Ostareliya, ba abin mamaki ba ne a ga mutum shi kaɗai da asuba yana jan wani siririn kwalekwalen roba zuwa cikin ruwa, ga sandunan fatsa uku ko huɗu a tsaitsaye a bayan kujerarsa. Wannan kwalekwale shi ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuit ne da ke zaune a yankunan ƙanƙara na arewacin duniya, waɗanda ke haɗa shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. Na yanzu da roba ake yin sa, tsawonsa mita 3 zuwa 4 da 'yan kai, kuma wanda ake kamun kifi da shi a samansa ake zama. Tun da kamfanin Hobie ya fito da mai feda a 1997, mutum na iya tuƙa shi da ƙafa, hannuwansa biyu na kan fatsa.

Sana'a ce ga wasu, nishaɗi ne ga mafi yawa, kuma bidiyoyinsu sun cika YouTube da TikTok. Abin da bidiyon ba ya cika nunawa shi ne lokacin da igiyar ruwa ta bugo ta gefe, ko babban kifi ya fizgi igiya, kayak ya kife. Ba shi da nauyi, don haka iska na iya tura shi da saurin da mai iyo ba zai cim masa ba. Daga nan sai mutum ya rage shi da abin da ke jikinsa kawai. A wannan lokaci ne ake gane ko an yi sayayya mai kyau.

Me ya hana wayar hannu?

Wannan ce tambayar farko da duk wani matashi zai yi, musamman wanda ke riƙe da waya mai lambar IP68 a jikin kwalinta. Waya na da amfani a ruwa, amma tana da raunin da ba ya bayyana sai a ranar wahala.

Fuskar waya na gane taɓawa ne ta hanyar ɗan cajin lantarki da ke jikin yatsa. Ruwa, musamman na gishiri, shi ma yana ɗaukar lantarki, shi ya sa jiƙaƙƙiyar waya ke ruɗewa tana danna kanta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin amsa kira a cikin ruwan sama ya san haka. To ina ga wanda ke cikin teku, hannu ɗaya na riƙe da igiyar kayak, ruwa na dukan fuskarsa. Ga kuma matsalar sabis, tunda kamfanonin sadarwa suna kafa turakunsu ne don mutanen da ke kan tudu. Sannan waya ba ta tasowa idan ta suɓuce.

Babban bambancin dai yana wani wuri. Waya mutum ɗaya take kira. Rediyon teku kuwa, idan aka danna aka yi magana a tasha ta 16, duk wani jirgi da ke kusa da kuma jami'an ceto da ke sauraro za su ji a lokaci guda. Sau da yawa wanda zai fara isowa wani masunci ne da ke nisan kilomita ɗaya, wanda ba a san sunansa ba balle lambar wayarsa. Tasha ta 16, wadda ke kan zangon 156.8 MHz, ita duniya ta ware don kiran gaggawa a teku, kuma manyan jirage suna barin rediyonsu a kanta.

Wayoyin zamani sun ɗan rage giɓin. Tun daga iPhone 14 da ya fito a 2022 akwai tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam a wasu ƙasashe. Sai dai yana buƙatar a ɗaga wayar a saita ta zuwa sama a kuma amsa tambayoyi a kan fuska, kuma saƙon ba ya isa kunnen jirgin da ke wucewa ta gefe.

Lambobin da ke jikin kwali

Ana sayar da waɗannan rediyoyi da alƙawarin ba sa jin ruwa, amma alƙawari ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne lambar IP, wadda ke ƙarƙashin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60529, irin dai wadda ake gani a wayoyi. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Idan aka ga X a gurbin ta farko, ana nufin ba a bayar da sakamakon gwajin ƙura ba.

IPX4 yayyafi da fantsamar ruwa kawai yake jurewa, bai dace da kayak ba ko kaɗan. IPX7 na nufin na'urar ta jure zama a zurfin mita 1 na tsawon minti 30. IPX8 ya wuce haka, amma kamfanin da ya ƙera ne ke faɗin iyakarsa, don haka dole a karanta ƙananan rubutun. Alal misali, Standard Horizon na cewa samfurinsa HX890 na jure mita 1.5 na minti 30. Wasu kwalayen kuma JIS7 ko JIS8 za a gani, wato ma'aunin Japan da ya yi daidai da waɗannan biyun.

Ga mai kayak, IPX7 shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Amma akwai abin da lambar ba ta faɗa. Gwajin a ruwa mai daɗi ake yin sa, ruwa a kwance, da sabuwar na'ura. Teku kuwa gishiri ne da motsi, kuma robar da ke toshe kafofi tana tsufa. Yawancin ruwan da ke kashe rediyo ta murfin batir yake shiga, ko ta ramin caji da aka manta ba a rufe da kyau ba.

Sai batun tasowa saman ruwa, wanda wasu ke rikita shi da rashin jin ruwa. Abu biyu ne dabam. Rediyo na iya zama IPX8 ya kuma nutse kamar dutse, ya je ƙasan teku yana aiki lafiya lau ba mai jin sa. Akwai ƙananan samfura masu kyan gani, irin su HX40, da ba sa tasowa sai an saya musu wata riga ta musamman. Masu tasowa sun fi girma saboda iskar da aka bari a cikinsu, kuma da yawansu suna da fitilar da ke kama walƙiya da kanta da zarar ta taɓa ruwa. Wanda ya taɓa neman baƙin abu a cikin ruwa da magariba zai san darajar wannan fitila.

Wani ɗan ƙaramin abu da ake rainawa shi ne sifika. Idan ruwa ya cika ramukanta, murya kan dawo kamar ana magana ta cikin matashi. Icom na da wata dabara da ya sa wa suna AquaQuake, inda sifikar ke yin wata ƙara mai girgiza ta fesar da ruwan waje. Cobra ma na da irinta. Ba ado ba ne. Rediyon da ba a jin abin da ake faɗa ta cikinsa rabin rediyo ne.

Wat 5 ko wat 6?

Nan ne 'yan kasuwa suka fi cin kasuwarsu. Rediyon hannu na teku ƙarfinsa kan tsaya a wat 5 ko 6, alhali wanda ake kafawa a cikin jirgi yana kai wa 25. Mai saye kan ga 6 ya ɗauka ya fi 5 nisa sosai. A gaskiya bambancin bai kai desibel ɗaya ba, kunne ma ba ya rarrabe shi.

Abin da ke yanke nisan zangon VHF shi ne tsayin eriya, domin siginar a miƙe take tafiya, duniya kuma a lanƙwashe take. Akwai lissafi mai sauƙi da masu harkar rediyo ke amfani da shi: a nemo tushen murabba'in tsayin eriya a mita, a ninka da 4 da ɗan ɗoriya, abin da ya fito shi ne nisan da siginar za ta kai a kilomita kafin doron ruwa ya tare ta. Mutumin da ke zaune a kayak eriyarsa ba ta wuce mita 1 daga ruwa ba, wato kimanin kilomita 4. Idan abokinsa ma a kayak yake, sai a haɗa biyun, a samu kilomita 8 a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka idan teku na tashi. Idan mutum ya faɗa ruwa, eriyar na ɗan taɓa sama da kansa, nasa ɓangaren ya ragu zuwa kilomita 2 da wani abu.

Abin da ke ceton lamarin shi ne tsayin mai sauraro. Eriyar da ke kan babban jirgi a tsayin mita 25 na ƙara kusan kilomita 20. Wadda ke kan hasumiya mai mita 100 na ƙara sama da 40. Dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun gina tsarinsu mai suna Rescue 21 ne ta yadda zai ji siginar wat 1 kacal daga eriya mai tsayin mita 2, a nisan mil 20 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 37. Wannan ya isa ya nuna cewa wat ɗaya da ake ta ciniki a kai ba shi ne matsalar ba. Riƙe rediyon a tsaye, eriya na kallon sama, da ɗaga shi iya tsawon hannu, sun fi wancan wat ɗin tasiri.

Jan maɓallin da ya cancanci ƙarin kuɗi

Idan akwai inda ya kamata mutum ya ƙara kuɗi, to a kan DSC ne haɗe da GPS. DSC tsarin kira ne na dijital, ɓangare ne na tsarin ceto na duniya da ake kira GMDSS wanda ya fara aiki gadan-gadan a ranar 1 ga Fabrairun 1999. A jikin rediyo mai shi akwai wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. Idan aka ɗaga murfin aka danne shi na 'yan daƙiƙoƙi, rediyon zai tura saƙo ta tasha ta 70 ɗauke da lambar shaidar mai shi, da inda yake, da lokaci. Duk rediyo mai DSC da saƙon ya isa gare shi zai ɗau ƙara. Zai kuma ci gaba da maimaita saƙon kusan duk bayan minti 4 har sai an amsa, sannan ya koma tasha ta 16 don a yi magana da baki.

Dalilin muhimmancinsa a jikin ɗan'adam yake. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa mutum, ya shahara da ƙa'idar 1-10-1: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa, sai kimanin minti 10 da hannuwa ke iya aiki kafin su sandare, sai kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Mutumin da ke haki, yana haɗiyar ruwa, ba zai iya karanto jerin lambobin inda yake ba tare da kuskure ba. Danna maɓalli ɗaya kuwa zai iya. Ko a ruwa mai ɗumi irin na yankunan zafi, firgici kaɗai ya isa ya sa mutum ya kasa faɗin gabas da yamma.

Amma maɓallin ba ya aiki daga cikin kwali. Sai an sa wa rediyon lambar MMSI, lamba mai alƙaluma 9 da ake yi wa rajista da sunan mai ita da bayanin jirginsa da wanda za a kira idan wani abu ya faru. Akwai lambar ƙasa a cikinta: Najeriya 657, Nijar 656, Ghana 627, Kamaru 613. Dakarun tsaron gaɓar Amurka sun sha kokawa kan yawan kiran DSC da ke iso musu babu wuri ko babu rajista, abin da ke mayar da aikin ceto neman allura a cikin ruwa. A yawancin samfura kuma sau ɗaya ake shigar da lambar. Idan aka yi kuskure sai an bi ta hannun kamfani ko dillali kafin a goge. Masu son sayen na hannu, su lura da nan, don kuwa tsohon rediyo na iya zuwa da lambar tsohon mai shi, a danna a tafi neman wani mutum dabam.

A kasuwa, HX890 na Standard Horizon, da IC-M94D na Icom, da MR HH600 na Cobra duk suna da DSC da GPS kuma suna tasowa. Waɗanda ba su da DSC, irin su HX210 da IC-M25, sun fi araha sosai, galibi kusan rabin kuɗin. Ga mai zagaya bakin gaɓa tare da abokai, inda ana hango shi daga tudu, na arahar ya wadatar. Ga mai fita shi kaɗai ko mai nisa, ragin kuɗin bai kai abin da aka bari ba.

IC-M94D na da ƙarin abu ɗaya, yana karɓar siginar AIS, wadda manyan jirage ke watsa sunansu da inda suka dosa da saurinsu. Yana da amfani kusa da tashar jirage, domin kayak na roba da ƙyar yake fitowa a na'urar hangen jirgi. Sai dai karɓa kawai yake yi. Mai kayak zai ga jirgin, jirgin ba zai gan shi ba.

Batir, da sauran tarkace

Idan kamfani ya rubuta awa 10 ko 11, lissafin ya ginu ne a kan kashi 5 cikin 100 na magana, kashi 5 na sauraro, kashi 90 na jira. Mai yawan surutu da wat 6 ba zai ga waɗannan awanni ba, kuma GPS ma na shan nasa. Dabarar ita ce a riƙa hira da abokai a kan wat 1, a ajiye cikakken ƙarfi don ranar buƙata. Wasu samfuran na zuwa da ƙaramin akwatin da ake zuba batiran shago a ciki idan na caji ya mutu. Wasu kuma, kamar IC-M25, ana cajinsu da USB, abin da zai yi wa mai yawo da fawa banki daɗi, da sharaɗin ramin ya bushe kafin a soka waya.

Bluetooth, da rediyon FM, da tashoshin hasashen yanayi na hukumar NOAA duk ana lissafa su a jikin kwali. Na ƙarshen a Amurka da kewayenta yake aiki, a gaɓar Afirka ta Yamma shiru za a ji. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne a tabbatar rediyon na da jerin tashoshin ƙasa da ƙasa, domin Amurka da Kanada suna da nasu tsarin da ya ɗan bambanta a wasu tashoshi. Sai manyan maɓallai da za a iya dannawa da jiƙaƙƙen hannu, da makullin da ke hana tasha sauyawa idan rediyon ya gogi jiki.

Akwai kuma jarabar sayen oba-oba mai araha irin Baofeng UV-5R, wanda ya cika kasuwannin intanet. Gaskiya ne ana iya saita shi a zangon teku. Amma ba a amince da shi a matsayin rediyon teku ba, ba a yi shi don nutsewa ba, ba ya tasowa, ba shi da DSC, kuma saita shi sai an bi ta menu mai wahala. Kayan wasan masu sha'awar rediyo ne a tudu.

Doka, da wanda ke sauraro

Dokar riƙe wannan na'ura ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, tun 1996 mai ƙaramin jirgin nishaɗi ba ya buƙatar lasisi muddin yana cikin ruwan ƙasar. A Birtaniya kuwa sai an karɓi lasisin rediyon daga hukumar Ofcom, mai amfani da shi kuma ya ci jarrabawar takardar SRC. Ostareliya ma na neman takardar ƙwarewa. Kusan ko'ina, kiran gaggawa na ƙarya laifi ne, haka nan mayar da tasha ta 16 dandalin hira. Ana kiran mutum a can, sai a koma wata tasha a ƙarasa magana.

Kalmomin ma a ƙayyade suke. Mayday, sau uku, na lokacin da rai ke cikin haɗari ne. Kalmar daga Faransanci aka samo ta, ma'anarta neman taimako. Pan-pan na matsalar da ke buƙatar agaji amma ba ta kai ga rai ba, kamar filafili ya ɓace iska na jan mutum a hankali. Bayan kalmar sai a faɗi ko wane ne, a ina, me ya faru, mutum nawa, da launin kayak. Sannan a saki maɓallin magana, domin muddin yana danne ba za a ji amsa ba. Sababbin shiga da yawa a nan suke tuntuɓe.

Ga masu karatu da ke wannan yanki, akwai tambayar da ta riga zaɓen samfuri, wato wa ke sauraro? A gaɓar Legas, ko Tema, ko Duwala, manyan jirage na shige da fice da rediyonsu a kunne, kuma hukumar NIMASA na da cibiyar daidaita ayyukan ceto a teku a Legas. A ruwayen cikin ƙasa irin su tafkin Kainji ko tafkin Chadi, babu waɗannan manyan jirage, don haka amfanin rediyon ya dogara ne da a samu wani na biyu a hannun aboki ko a bakin gaɓa, an kuma yi alƙawarin tashar da za a haɗu. Inda ba kowa kusa, na'urar da ta fi dacewa ita ce PLB, wadda ke tura kiran ceto ta tauraron ɗan'adam a zangon 406 MHz zuwa tsarin Cospas-Sarsat. Ba a magana da ita, amma ba ruwanta da tsayin eriyar wani. Masu fita can tsakiyar teku da yawa suna ɗaukar duka biyun.

Inda ake rataye shi

Duk wannan lissafi na rushewa idan rediyon yana cikin akwatin kayak, ko a ɗaure jikin kujera. Kayak ɗin ne zai tafi da shi. Wurinsa a jikin rigar kariya daga nutsewa ne, cikin aljihun gaba ko kan kafaɗa, a ɗaure da 'yar igiyar da tsawonta zai bari a kai shi baki amma ba zai naɗe wuya ba. Wannan ya sa girman rediyo ya zama abin dubawa tun a shago: in bai shiga aljihun rigar ba, ko yana tokare haɓa duk lokacin da aka ja filafili, a rana ta uku mai shi zai cire shi ya jefa baya. Ƙwararru kan tafi da rigarsu wurin saye su gwada.

Kafin a shiga ruwa ana kunna shi a bar GPS ya kama wuri, a gwada kira da aboki a tashar da ba ta 16 ba. Ba a gwada jan maɓallin. Rediyoyin DSC na da kiran gwaji na dabam a cikin menu. Bayan an dawo kuma a ɗauraye shi da ruwan famfo, batir da eriya na jikinsa, a girgiza sifikar, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗora a kan caja. Gishirin da ya kwana a kan ƙarafunan caji yakan fara da ɗan kore-kore, bayan 'yan makonni caja ta daina gane rediyon.